Akwati ba ya koyarwa shi kaɗai

Hirar yaƙi da jahilci da aka watsa a gidan rediyon ƙasa

   

Hirarmu ta yau a kan makarantar yaranmu take, wato lekol. Kwanan baya wani dattijo daga cikin ɗalibaina ya tsaida ni bayan an tashi daga aji. Ya ce mini: "Malam, jikana ya ce wai yanzu duk karatu yana cikin salula. To, mene ne amfanin mushe? Mene ne amfanin darekta?" Na ce masa: "Baba, tambayarka babba ce. Ka kunna rediyonka, can zan ba ka amsa, don kowa ya ji." To Baba, ga amsar.

Rediyo da talabijin

Ƴan uwa, ba yau aka fara kawo na'ura cikin sha'anin karatu a ƙasarmu ba. A shekara ta 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo. Mutanen gari su taru da dare, su saurari shiri, su yi mahawara a kansa. Mai jagorar kulob ya ɗauki maganarsu a rikoda, ya aika Yamai, a sake watsa ta kowa ya ji. A shekara ta 1963 kuma aka buɗe ma'aikatar yaƙi da jahilci. Ajin da kuke zaune a ciki yau, daga can ya samo asali.

A shekara ta 1964 sai ga wani sabon abu: makarantar talabijin. Da taimakon Faransa aka fara ta. Ana shirya darasi a Yamai, ana watsa shi zuwa azuzuwa. Cikin kowane aji akwai akwatin talabijin. Darasin gajere ne, kamar minti 15, da Faransanci, da wasa da hotuna. In an gama, sai mai kula da aji ya sa yara su maimaita, su yi tambaya, su rubuta. Waɗannan masu kula da aji ba su yi dogon karatu ba. Horo aka ba su na ɗan lokaci. A shekarun gwaji, ɗalibai sun kai kimanin 800, cikin azuzuwa 22 a Yamai da kewayenta.

Ƙauyuka ba su da lantarki. Da batir ake kunna akwatin, batir kuwa yana ƙarewa. A shekara ta 1968 aka gwada kunna talabijin da hasken rana a makarantar Gudel, kusa da Yamai. Ƙasarmu tana cikin na farko da suka yi haka. Muna da ma'aikatar binciken hasken rana tun a lokacin. Shehun malami Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, ya daɗe yana shugabantar ta. Shi ne wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa.

Yara sun so makarantar talabijin. Baƙi sun zo daga ƙasashe da dama don su gani da idonsu. Amma ina take yau? Babu ita. A ƙarshen shekarun 1970 aka daina. Gidan da kayan aikin suka zama tushen talabijin ta ƙasa.

Me ya sa? Abin yana da tsada. Kuɗi da gwanayen aiki, mafi yawa daga waje suke zuwa. Kuma shirin ya yi zamansa a gefe, bai haɗe sosai da sauran makarantun ƙasa ba. Yara kaɗan ne suka amfana, sauran suna can ba su san ana yi ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Salula a ajin manya

Yanzu ga salula a aljihun kowa. Ita ma an gwada ta, kuma a aji irin naku. Daga shekara ta 2009 aka yi wani gwaji a ƙauyuka fiye da 100 na jihohin Doso da Damagaram. Duka ƙauyukan suna da ajin yaƙi da jahilci. A rabinsu sai aka ƙara abu guda: aka koya ma ɗalibai aiki da ƙaramar salula, mutum biyar waya ɗaya. Suna neman baƙi da lamba a jikin waya, suna rubuta saƙo. Da aka yi jarrabawa, waɗanda suka koyi salula sun fi sauran rubutu da lissafi. Bayan watanni ma ba su manta da yawa ba.

Dalili a fili yake. Wanda ya rubuta ma ɗansa saƙo a Kano ko Agadas, ya tambayi kuɗin hatsi a kasuwa, kullum yana bita. Karatun da ake aiki da shi ba ya gudu. Amma ku lura: ba wayar ce ta koya musu baƙaƙe ba. Malami ne ya koya musu. Waya ta taimaka musu su riƙe abin da suka koya.

Daga baya aka sake wani gwaji a jihohin Maraɗi da Damagaram. Wannan karo ba a ba ɗalibai komi ba. Kowane mako dai ana buga ma malamin aji waya, da mai gari, da ɗalibai biyu. Ana tambaya: an yi karatu makon nan? Kwana nawa? Mutum nawa suka zo? Shi ke nan. Ba a ƙara ma malami ko dala ba. Duk da haka ɗaliban waɗannan ƙauyuka sun fi sauran koyo. Malami ya san akwai mai kula da aikinsa, sai ya ƙara himma. Ashe ba ƙarfin waya ba ne, ƙarfin kulawa ne.

A shekara ta 2020 mun ga ɗaya gefen. Cutar korona ta sa aka rufe makarantu daga watan Maris har zuwa Yuni. Yaron birni mai babbar waya da intanet ya ɗan samu abin bita. Yaron ƙauye da babu lantarki, babu waya a hannunsa, sai ya zauna. Inda aka yi dace da malami mai himma da iyaye masu kula, nan ne yara ba su yi asara mai yawa ba.

Makarantu biyu

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. Ba zan faɗi sunan gari ba. Wata ƙungiya ta raba ma makarantu biyu kaya iri ɗaya: farantin hasken rana, da batir, da fitilu don yara su yi bita da dare.

A makaranta ta farko, darekta ya ji tsoro kada wani abu ya ɓace a ce shi ne. Sai ya kulle kayan a ɗaki, ya sa mabuɗi a aljihu. Bai tara iyaye ba, bai gaya ma kowa ba. Damina ta wuce, rani ya wuce. Ranar da aka buɗe ɗakin, batir ya mutu, ɓera ya ci waya. Ba a saci komi ba, amma ba yaron da ya karanta ko layi ɗaya da fitilar.

A makaranta ta biyu, darekta ya tara gari. Ya ce: "Kayan nan ba nawa ba ne, na ƴaƴanku ne. Yaya za mu yi da su?" Aka yi shawara. Aka ɗora faranti a kan rufin aji. Aka sa yaro biyu su riƙa share masa ƙura kowace safiya. Aka yarda mutanen gari su riƙa cajin salula a wurin, su biya ɗan abin da aka yanka. Kuɗin yana shiga asusu don ranar da batir zai mutu. Mai riƙe da asusun wata mata ce da ta yi shekara biyu a ajin yaƙi da jahilci. Tana da kaye guda. Duk dalar da ta shiga ta rubuta, duk wadda ta fita ta rubuta. Da batir ya gaji, aka buɗe asusu, aka sayo sabo. Ba a jira kowa daga waje ba.

Kaya iri ɗaya, rana iri ɗaya. Bambancin shi ne shugabanci. Can kayan aro ne, nan sun zama kayan gari.

Aikin darekta

To wane ne darekta na gari? Shi ne mai riga kowa zuwa. Ya san malamin da ya zo da wanda bai zo ba. Yana shiga aji ya ga yadda sabon mushe yake koyarwa, ya gyara masa a asirce, ba a gaban yara ba. In yarinya ta yi kwana uku ba ta zo ba, yana zuwa gidansu ya ji dalili. Ba ya ɓoye lissafin kuɗi. In sabon abu ya zo bai iya shi ba, ba ya jin kunyar koyo, ko daga wanda ya girma.

Kuma yana tsaron ran yara. Ba mu manta da shekara ta 2021 ba. A watan Afrilu gobara ta tashi a azuzuwan zana a Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. A watan Nuwamba aka sake yin haka a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Inda har yanzu ake karatu a rumfa, a duba: ƙofa tana da faɗi? Akwai mai hura wuta kusa? Akwai ruwa da yashi a ajiye? Wannan ba ya bukatar na'ura. Ido yake bukata.

Naku aikin

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa aka kafa kwamitin kula da makaranta, wanda kuka sani da sunan COGES. A cikinsa akwai darekta, da wakilin malamai, da wakilan iyaye maza da mata. A shekara ta 2004, da taimakon ƙasar Japan, aka fara wani tsari a jihar Tawa: gari ya taru, ya zaɓi wakilansa da ƙuri'ar asiri, ya tsara aikin shekara, a ƙarshe a komo a yi lissafi a gaban kowa. Da aka ga amfaninsa, aka baza shi a ƙasa duka.

A nan ne karatunku zai yi rana. Da, in an karanto lissafi, sai dai ku ce "to". Yanzu kuna iya cewa: "A ba ni in gani." Kuna iya karanta cewa an tara jika 40, an sayi zana ta jika 25, saura jika 15. Kuna iya sa hannu da sunanku, ba da dangwala yatsa ba. Kuma kada wani ya ce muku karatun Hausa ba karatu ba ne. Tun shekara ta 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro yake fara karatu da Hausa. A watan Maris na 2025 kuma aka ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa.

Saboda haka ina roƙonku abu huɗu. Na ɗaya, in an kira taron makaranta, ku je, mata da maza. Na biyu, ku zaɓi mai gaskiya, ba mai kuɗi ko ɗan uwa ba. Na uku, in an kawo ma makaranta wata na'ura, ku yi tambaya tun ranar farko: wa zai riƙe ta? Wa ya iya gyaranta? In ta lalace, ina kuɗin gyara? Na huɗu, kowace yamma ku ce ma yaronku ya kawo kayensa ku gani. Ko ba ku gane Faransanci ba, kuna iya karanta kwanan wata. In kwana biyar ba a rubuta komi ba, ku je ku tambaya, cikin ladabi.

To Baba, ka ji amsarka. Ka gaya ma jikanka ya yi gaskiya, akwai karatu cikin salula. Amma da can ma an ce akwai shi cikin rediyo, an ce akwai shi cikin talabijin. Gobe wani abu zai zo wanda ba mu san sunansa ba. Duk wanda ya zo, sai ya tarad da malami a aji, da darekta a bakin ƙofa, da iyaye a bayansu, kafin ya yi amfani.

Tambayoyin da za ku tattauna a aji

1. Su wane ne ƴan kwamitin makarantar garinku? Ku rubuta sunayensu a allo.
2. Yaushe aka yi taron lissafi na ƙarshe?
3. Akwai kayan da aka kawo ma makarantarku suna kulle ko sun lalace? Me za a yi?
4. Kowa ya rubuta saƙo gajere zuwa ga darekta, yana tambayar karatun ɗansa ko ɗiyarsa.

Malamai, ku tattara amsoshin ku aiko mana, za mu karanta su a wannan fili. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.