Jawabin Shugabanni a Taron Cika Shekara: Lambun Bayan Ɗaki

Iyayenmu, mazajenmu da suka bar mu muka fito, da 'yan uwa mata na Madobi da ƙauyukan kewaye, sannunku da zuwa. Mun gode wa Allah da ya nuna mana wata shekarar.

Yau maganar miya za mu yi. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya shigo gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam, mazanmu da 'ya'yanmu ke noman rani. Daga nan yankin ake loda kwandunan tumatir a Kwanar Gafan, a yi Legas da su. Amma ku faɗi gaskiya, sau nawa damina ta faɗi muka aiki yaro sayen tumatir, ya dawo da ƙwaya uku a leda? A gidan manomi fa!

Ba mu manta 2016 ba, shekarar da tsutsar nan ta cinye gonakin tumatir, kwando ya gagari mai kuɗi balle talaka. Wadda ke da zogale a tsakar gida da busasshiyar kuɓewa a tulu, ita ce ba ta shiga gidan maƙwabta neman cefane ba. Darasin da muka ɗauka ke nan.

Lambun gida ba ya son fili. Tsohon buhu ko fasasshen bokiti ya isa. A haɗa ƙasa da takin awaki wanda ya riga ya ruɓe, don ɗanye yana ƙona shuka. A huda ƙasan buhun saboda ruwa ya wuce. Ruwan wankin shinkafa da na alwala a zuba musu da safe ko da yamma, ban da mai sabulu. Alayyafo cikin wata guda an fara tsinka. Rama, yakuwa, lalo da attaruhu duk suna yi. A kewaye da kara, in ba haka ba akuya ce za ta yi miyar.

Roƙonmu guda: kar a ɗauko ragowar maganin feshin gona a fesa a cikin gida, inda yara ke rarrafe, kaji ke kiwo. Toka da jiƙon ganyen darbejiya sun ishe mu.

Lokacin araha kuma, mu yanka tumatir mu shanya a kan tabarma mai tsabta, mu ajiye kauɗa saboda damina. Kuɗin cefanen da ya ragu, shi ne zubin adashi da kuɗin littafin yara.

Bana kowacce ta ajiye iri, ta ba wadda ba ta da shi. Masu bashin ƙungiya kuma a daure a biya, wata na jiran layi. Iyayen gida, ku taimaka mana da taki da ɗan lungu a bayan ɗaki. A kwanonku miyar za ta ƙare.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gida lafiya.