Noman Kayan Lambu Ba Ƙasa: Me Za A Zuba A Buhun Shuka?



Da sakataren ƙungiya ya ce in yi magana a kan noman da nake yi tun da na bar aikin gwamnati, sai na tuna da gonar makaranta, inda Malaminmu na aikin gona yake sa mu tada kunya da fartanya kafin a kaɗa ƙararrawar karin kumallo. Malam, ka yi mini afuwa, yau zan yi maganar noman da babu kunya kuma babu ƙasa a cikinsa.

Ana shuka tumatir ko tattasai ko kokwamba a buhunan leda cikin rumfar leda mai raga, ana ɗiga musu ruwan da aka narka taki a ciki. Wani malamin Jami'ar Kalifoniya a Amurka, William Gericke, shi ya yayata sunan wannan noma a 1937. A nan gida kuwa, bayan ɓarnar da tsutsar tumatir ta yi a Kaduna da Kano a 2016, mutane suka ƙara waiwayar rumfa mai raga. Na san akwai waɗanda ke shirin zuba kuɗin sallamarsu a wannan harka, kuma saboda su na zaɓi batun abin da ake cika buhun da shi, wato makwancin saiwa. Aikinsa uku ne: ya riƙe tushen shuka, ya riƙe ruwa, ya kuma bar iska ta kai ga saiwa.

Ni kam na sha wuya kafin na gane haka. A shekarata ta farko na sayi dunƙulen ɓawon kwakwa wurin wani ɗan kasuwa, ya ce mini a wanke yake. Na jiƙa, na cika buhuna, na dasa. Bakin ganye ya fara ƙonewa, da tumatirin ya yi 'ya'ya kuma sai gindinsu ya riƙa yin baƙi. Ashe ɓawon kwakwa yana zuwa da gishiri, sannan yana kama sinadarin kalsiyam da ke cikin ruwan taki ya hana shuka samu. Da na wanke shi sosai, na kuma jiƙa shi da ruwan takin kalsiyam naitiret kafin dashe, da ban yi wannan asara ba.

To, bari mu duba abubuwan da ake amfani da su.

A ƙasar Holan sun fi amfani da ulun dutse. Dutse ake narkarwa da zafin da ya kai kimanin digiri 1,600, a saƙa shi kamar auduga. Tsaf yake, ba ya ɗauke da cuta, amma da kuɗin waje za mu saye shi, kuma ba ya ruɓewa. Su suna da masana'antun da ke karɓar tsohon su sarrafa shi. Mu a juji zai ƙare.

Akwai ruɓaɓɓiyar gansakukar fadamun Turai, wadda ake reno da ita. Kaurinta yana ƙaruwa da kimanin milimita 1 kacal a shekara, don haka abin da aka haƙa yau jikokinmu ma ba za su ga madadinsa ba. A 2022 gwamnatin Ingila ta bayyana niyyar hana sayar da ita ga masu lambun gida.

Ɓawon kwakwa yawancinsa daga Indiya da Siri Lanka yake fitowa, ko da yake muna da kwakwa a Badagiri. Yana riƙe ruwa da kyau, kuma in ya tsufa taki ne a gona.

Sai wanda na fi so, buntun shinkafa. Kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera buntu ne, ga shi nan tuli a bayan injinan casa na Kura da Haɗeja da Kebbi. Ɗanyensa ba ya riƙe ruwa, kuma ragowar shinkafar ciki tana tsirowa. A Japan da Indunusiya babbaka shi suke yi ya zama gawayi, ba tare da ya kai ga toka ba. Sai dai a wanke shi, domin yana da kaifi irin na toka, alhali tumatir ya fi son ma'aunin tsami tsakanin 5.5 da 6.5.

Garin katako ma ana noma da shi a Afirka ta Kudu, amma yayin da yake ruɓewa yana cinye takin naitirojin na shuka. Yashi kuwa yana da nauyi, kuma yakan zo da tsutsar saiwa, sai an jiƙa shi an rufe da farar leda a rana na wasu makonni.

Yanzu ni ina haɗa kashi biyu na wankakken ɓawon kwakwa da kashi ɗaya na gawayin buntu. In sun gaji, sai in kwashe in kai gonar masara.

Shawarata gare ku ita ce, kada wanda ya cika rumfa da abin da bai gwada ba. Cika buhu goma tukuna, ka zuba ruwa ka ga yadda yake tsanewa, ka tari ruwan da ya fito ka auna shi da na'urar auna gishiri, ka dasa ka jira wata guda. Ka kuma tambayi kanka daga ina za ka samo shi baɗi, da inda za ka zubar da shi in ya gama aiki.

Duk mai son gani da ido, ƙofar rumfata a buɗe take ranar Asabar. Malam, kai kam da motata zan zo in ɗauke ka. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara haɗa kanmu.