Ƙaunar Allah Da Jinƙai: Abin Da Muka Gani Wajen 'Yan'uwanmu Kirista

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, shugaban ƙungiya, dattawa iyayenmu, da sauran jama'a mazauna Abuja, muna yi muku barka da zuwa.

Maganar da ke gabanmu yau ita ce ta 'yan'uwanmu Hausawa Kirista, 'yan asalin Wusasa da Malumfashi da wasu garuruwa, da suka nemi a rubuta sunayensu cikin asusun taimakon juna na ƙungiyarmu. Wasu sun ce a karɓe su, wasu sun ce ba a san halinsu ba. To, jama'a, mu ba malamai ba ne, 'yan kasuwa ne. Amma tun da aka dawo da hedikwatar ƙasa nan a Disamba 1991 muke zaune da mutanen nan, shago jikin shago. Bari mu faɗi abin da muka sani.

A addininsu, tushen komai shi ne ƙaunar Allah. Cikin Bisharar Matiyu sura ta 22, an tambayi Yesu Almasihu, wato Annabi Isa alaihissalam, wace doka ce ta fi girma. Amsarsa ta tsaya kan abu biyu: mutum ya ƙaunaci Ubangijinsa da zuciya ɗaya, sannan ya so wa maƙwabcinsa abin da yake so wa kansa. A Bisharar Yahaya sura ta 14 kuwa, ya nuna wa almajiransa cewa shaidar ƙauna ita ce kiyaye umarni. Ashe ke nan ba a ɗauki ƙauna maganar fatar baki ba. Wanda ya ce yana ƙaunar Allah amma yana tauye mudu, su ma a wajensu maƙaryaci ne.

To, wane ne maƙwabci? A Bisharar Luka sura ta 10 akwai misalin matafiyin da 'yan fashi suka yi wa jina-jina a hanyar Yariko. Manyan addini biyu suka gan shi suka ratse. Wanda ya tsaya ya ɗaure masa rauni, ya kai shi masauki, ya biya kuɗin jinya, Basamariye ne, daga ƙabilar da Yahudawa ba sa ga-maciji da ita.

Wannan koyarwa mun ga amfaninta da idonmu. Asibitin ido na ECWA da ke Kano, wanda mishan ɗin SIM suka kafa a 1943, iyayenmu nawa aka cire wa yanar ido a can? Haka asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar tun 1950. A Kaduna, Fasto James Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. Da farko kowanne na neman ramuwa, amma daga 1995 suka haɗa kai suna sasanta jama'a. Mun kuma tuna bom ɗin cocin Madalla ranar Kirsimeti ta 2011. Makonni kaɗan bayan haka, lokacin zanga-zangar tallafin mai a Janairu 2012, matasa Kirista suka yi da'ira suna gadin Musulmi har suka idar da salla.

Ga kuma na cikin gida. Wani ɗan ƙungiyar nan mai sayar da atamfa ya kwanta ciwo wata uku. Maƙwabcin shagonsa Kirista ya riƙe masa makulli, yana sayarwa yana rubutawa. Ranar da ya tashi, aka ƙirga kuɗi da kaya, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Da muka je yi masa godiya sai ya ce, "Alhaji, ba don ku na yi ba, don Wanda zai tambaye ni ne."

Ba mu ce dukkansu haka suke ba. Akwai macuta a cikinsu kamar yadda ake da su a cikinmu, hali zanen dutse ne. Ba kuma mu ce addini ya zama ɗaya ba. Bambancin aƙida yana nan, kowa ya riƙe nasa. Amma mun karanta a Islamiyya cewa da wahala ta yi wa Sahabbai yawa a Makka, wajen Najjashi, sarkin Habasha, Kirista, aka tura su, saboda ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. In magabatanmu sun shaidi adalci a inda suka gan shi, mu me zai hana mu?

Saboda haka shawararmu ita ce a karɓe su. Su biya kuɗin wata kamar kowa. In ɗayansu ya rasu, asusu ya ɗauki nauyin kai gawa gida kamar yadda ake yi wa namu. In gobara ta ci shagonsa, mu tallafa masa. Dukkanmu baƙi ne a ƙasar Gbagyi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya albarkaci kasuwa. Wassalamu alaikum.