Janar Muhammadu Buhari a Cikin Kaki: Abin da Daura Ya Kamata Ta Adana

 

Tun daga ranar 15 ga Yulin 2025, da aka yi jana'izar Muhammadu Buhari a gidansa da ke nan Daura, kwana biyu bayan rasuwarsa a Landan, yawancin abin da ake faɗa a kansa ya tsaya ne a kan shekaru takwas na mulkin farar hula. Ni kuwa sojan nake so mu duba yau, domin a barikin soja halinsa ya ginu, alherinsa da kuskurensa duka.

An haife shi ranar 17 ga Disambar 1942. Mahaifinsa, Hardo Adamu, ya rasu yana ƙaramin yaro, ya tashi maraya a hannun mahaifiyarsa Zulaihatu da dangi. Ya yi firamare a Daura da Mai'adua, ya wuce Katsina, daga nan ya shiga makarantar horon soja ta Kaduna. Aka tura shi makarantar hafsoshi ta Mons a Ingila, ya zama hafsa a Janairun 1963, ya fara aiki da bataliya ta 2 a Abeokuta. Ku lura da shekarunsa: bai kai ashirin da biyar ba yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, ya shiga fagen daga ƙarƙashin Runduna ta Ɗaya ta Mohammed Shuwa, ya yi yaƙi a yankin Ogoja da Awka. Saurayin da ya ga gawar 'yan ƙasarsa ta ko'ina a waɗannan shekaru ba zai ƙara ɗaukar maganar raba Najeriya da wasa ba, kuma bai ɗauka ba har ya koma ga Allah.

Bayan yaƙi sai ɗaukaka ta zo da sauri: kwalejin hafsoshi ta Wellington a Indiya a 1973, gwamnan Jihar Arewa maso Gabas a 1975 zamanin mulkin Murtala, kwamishinan man fetur a 1976, kwalejin yaƙi ta Amurka daga 1979 zuwa 1980.

Inda nake so mu tsaya shi ne 1983. Yana kwamandan Runduna ta Uku a Jos sojojin Chadi suka mamaye wasu tsibirai na Najeriya a Tafkin Chadi. Buhari ya kore su, bai tsaya a iyaka ba, ya kutsa cikin ƙasarsu, duk da cewa gwamnatin Shehu Shagari ta nemi ya ja da baya. Jama'a suka yaba, kuma ta fuskar jarumta sun yi gaskiya. Amma hafsan da ya ga umarnin zaɓaɓɓen shugaba bai ɗaure shi ba ya riga ya taka wata hanya mai haɗari. Ranar 31 ga Disamba na wannan shekarar aka kifar da Shagari, Buhari ya zama shugaban ƙasa, Tunde Idiagbon na mara masa baya.

Watanni ashirin ya yi. Yaƙi da Rashin Ɗa'a ya koya wa mutane bin layi da zuwa aiki a kan lokaci, kuma ko maƙiyansa ba su iya nuna dukiyar da ya tara ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasarmu. Sai dai a lokacin ne aka ɗaure 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor da Doka ta 4, aka harbe mutum uku a 1985 da dokar da aka kafa bayan sun aikata laifin da aka tuhume su da shi. Wannan zalunci ne, kuma ƙaunarmu gare shi ba za ta sa mu kira shi da wani suna ba. Horon da ke riƙe bataliya a fagen daga, inda ba a musu da umarni, bai isa ya riƙe al'umma ba, domin talaka ba kurtu ba ne. Ranar 27 ga Agustan 1985 abokan aikinsa, ƙarƙashin Ibrahim Babangida, suka tuɓe shi, aka tsare shi a birnin Benin har 1988. Mahaifiyarsa ta rasu yana tsare.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya. Mutumin da ya hau mulki da bindiga ya yarda ya nemi ƙuri'a, ya faɗi a 2003 da 2007 da 2011, ya tafi kotu, har ya ci a 2015.

Roƙona ga masarauta da manyan makarantunmu na Daura shi ne a tashi yanzu a naɗi bayanan tsofaffin sojojin da suka yi aiki da shi, waɗanda suka so shi da waɗanda suka sha wuya a hannunsa, a rubuta da Hausa, a ajiye inda ɗalibi zai iya zuwa ya karanta. Waɗannan dattawa duk sun tsufa, kullum raguwa suke yi.

Allah Ya jiƙansa.