Kujerarmu a Babban Taron Zonta: Abin da Na Gani a Hamburg



An nemi in yi muku bayani a kan babban taron duniya na ƙungiyar Zonta, wanda na halarta a birnin Hamburg na ƙasar Jamus cikin watan Yuni na 2022. Na sani sarai, idan aka ce mata sun tafi taro ƙasashen waje, abin da kan faɗo wa mutane a rai shi ne liyafa da ɗaukar hoto da sayen tsaraba. Lalle akwai waɗannan, ba na musu. Amma abin da nake so ku koma ɗakunanku da shi yau shi ne, irin wannan taro majalisa ce sosai, inda ake yanke shawara a kan kuɗi da ayyukan da suka shafi ƙannenmu da 'ya'yanmu, kuma mai ƙuri'a a hannu ita ake saurara.

Da farko dai, mece ce Zonta? Ƙungiya ce ta ma'aikata da masu sana'a wadda aka kafa ran 8 ga Nuwamba, 1919, a birnin Buffalo na Amurka, bisa jagorancin wata 'yar jarida mai rubuta wasan kwaikwayo, Marian de Forest. An aro sunan ne daga harshen Lakota, ɗaya daga cikin harsunan mutanen Amurka na asali, ma'anarsa kuwa gaskiya da riƙon amana. Yau tana da rassa a ƙasashe sama da 60, an rarraba su gunduma-gunduma, rassan ƙasashenmu na Afirka ta Yamma suna cikin Gunduma ta 18. Akan yi babban taronta bayan shekara bibbiyu. An yi na 2018 a Yokohama ta Japan, na 2020 wanda aka shirya yi a Chicago annobar korona ta hana shi, saboda haka na Hamburg ya zo wa mutane da ɗoki, don an shekara huɗu ba a sadu ido da ido ba. Na 2024 kuma an yi shi a Brisbane ta Ostireliya.

To, yaya ake gudanar da aikin? Kowane reshe yana aiko da wakiliya, babban reshe kuwa yana da fiye da ɗaya. Kafin wakiliya ta zauna, sai kwamitin tantancewa ya duba takardunta, ya tabbata reshenta ya biya kuɗin ƙungiya. Reshen da bai biya ba ba shi da baki, ko da kuwa mutanensa sun cika zauren. Waɗannan wakilai su ne ke zaɓen shugabanni, su gyara tsarin mulkin ƙungiya, su amince da manyan ayyukan da za a tara wa kuɗi cikin shekara biyu masu zuwa. Da Turanci ake magana. Mai son yin magana sai ta bi layi, a ba ta 'yan mintoci kaɗan, lokacinta na cika a tsai da ita, ko ita wace ce. Na ga likitoci da alƙalai da shugabannin kamfani suna komawa kujerunsu ba tare da gardama ba. Wadda ta shirya hujjarta tun daga gida ita ke cin riba. Mai dogon share fage kuwa, kafin ta gama gaisuwa lokacinta ya ƙare.

Watakila wani ya ce, mu ina ruwanmu da wannan? Ga ruwanmu. A tarukan da aka yi a Orlando ta Amurka a 2014 da Nice ta Faransa a 2016, wakilai sun amince a ba da kuɗi ga wani shiri na Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya a Jamhuriyar Nijar, wanda ake kira Illimin. A cikin wannan shiri akan tara 'yan mata a koya musu karatu da lissafi da kiwon lafiya, don a jinkirta aurar da su tun suna ƙanana. Daga 2018 kuma Zonta ta shiga tallafa wa wani shiri makamancinsa a ƙasashe 12, cikinsu har da Nijar da Ghana da Burkina Faso. Har wa yau, ta shekara goma tana taimaka wa masu ciwon yoyon fitsari a Laberiya, ciwon da kowa ya san irin ɓarnar da yake yi a ƙauyukanmu. Ku duba, shiri ne mai sunan Hausa, don 'yan matan da yawancinsu Hausa suke ji, amma a Amurka da Faransa aka kaɗa masa ƙuri'a. Niyyar waɗannan mata mai kyau ce, babu shakka. Duk da haka, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu muka san yadda ake shiga wurin mai gari da limami da uwar yarinya, mu muka san kalmar da za ta buɗe ƙofa da wadda za ta sa a rufe ta. In ba ma wurin, wasu za su yi magana da sunanmu bisa abin da suka karanta a rahoto.

Kada kuma wata ta ɗauka cewa kujerar baya aka ware mana. 'Yar ƙasarmu, Folake Solanke, mace ta farko da ta kai matsayin Babban Lauyan Nijeriya a 1981, an zaɓe ta a taron Hong Kong na 1992, ta kuma shugabanci Zonta ta duniya baki ɗaya daga 1994 zuwa 1996. Ita ce 'yar Afirka ta farko da ta hau wannan kujera. Daga reshe ta faro, ta riƙe gunduma, sa'an nan ta kai can.

Ba zan ɓoye muku wahalar tafiyar ba. Akwai kuɗin rajista, da na jirgi, da na masauki, duk da kuɗin waje, alhali kuwa kun san halin da naira take ciki. Ga kuma neman biza, wanda kan ci makonni, wani lokaci ma a hana. Saboda haka ne ƙa'ida ta yarda reshen da ya kasa zuwa ya danƙa ƙuri'arsa ga wakiliyar wani reshe. Wadda aka aika kuwa amana ta ɗauka. Ganin Dala ba shiga birni ba ne: in ta sauka a Hamburg ta ɓata ranar zaɓe wajen zaga kantuna, ta ci kuɗin 'yan'uwanta. Wajibi ne ta komo da rahoto a rubuce, ta faɗi abin da ta zaɓa da dalilinta.

Ku ɗalibai da sababbin ma'aikata, shirin zama a irin wannan zaure daga nan yake farawa, daga tarukan ƙungiyarku. Ku koyi rubuta bayanin taro, ku koyi ajiye lissafin kuɗi da rasiɗi, ku koyi kawo shawara a goyi bayanta bisa ƙa'ida, ku kuma koyi faɗin abin da ke ranku cikin minti biyu. Zonta tana da rassan ɗaliban jami'a da ake kira Golden Z. Tana kuma da tallafin Amelia Earhart, wanda aka kafa a 1938, ana ba mata masu neman digiri na uku a fannin injiniyan jiragen sama da kimiyyar sararin samaniya kuɗin tallafi. Sharon Langenbeck, wadda ta shugabanci ƙungiyar daga 2020 zuwa 2022, ita kanta ta taɓa cin wannan tallafi tana ɗaliba. Ina fata 'yan'uwanmu na sashen kimiyya sun ji.

Ku maza kuma, in 'yar'uwarku ko matarku ta sami irin wannan aike, ku taimaka mata da shiri, in ta komo ku tambaye ta abin da aka zartar kafin ku tambayi tsaraba.

 In da mai tambaya, ga ni.