Christy Turner da Mudun Awon Haƙora: Abin da Ya Rage Bayan Shuɗewar Hasashe



Wannan takarda ta dubi aikin Christy G. Turner II, Ba'amurken masanin da ya koyar a Jami'ar Jihar Arizona tun daga 1966, ya rasu a 2013. Matsayata ita ce babban gadon da ya bari shi ne ma'aunin da ya tsara na nazarin haƙoran ɗan Adam, domin da wannan ma'auni ne ake tabbatar da ra'ayoyinsa, da shi kuma ake gyara su.

Haƙori ya fi kowane sashe na jiki ƙarfi, shi ya sa yakan daɗe a ƙasa bayan ƙashi ya rududduge. Siffarsa kuma gado ce daga iyaye, da zarar ya kammala ginuwa a cikin dasashi ba ya sake sura sai dai ya cinye. Idan aka juya haƙorin gaba na wasu mutane za a ga bayansa da kwarmi, gefensa biyu sun taso kamar bakin shebur. Wasu kuma turminsu na farko na ƙasa saiwa uku gare shi maimakon biyu. Masana sun daɗe da lura da haka, amma kowa da mudunsa yake awo, abin da wani ya kira babba wani ya kira matsakaici. Turner ya ɗora a kan aikin Albert Dahlberg, wanda ya gabace shi a fagen, a 1991 shi da Christian Nichol da Richard Scott suka fitar da tsarin da ake kira ASUDAS: allunan farar ƙasa masu ɗauke da samfurin haƙora hawa-hawa, da bayanin siffofi sama da 30. Mai bincike a Alƙahira da na Tokyo sai su riƙe haƙori a hannu, su gwada shi da allo iri ɗaya, su ba shi lamba ɗaya.

Da wannan awo Turner ya raba haƙoran gabashin Asiya gida biyu. Na arewa, masu yawan shebur da saiwa uku, ya kira su Sinodont, ya nuna cewa 'yan asalin Amurka na cikinsu. Na kudu maso gabas, har da mutanen Jomon na tsohuwar Japan, ya kira su Sundadont. A 1986 ya haɗu da Stephen Zegura da Joseph Greenberg, masanin harsunan nan da ya yi bincike a cikin Maguzawan ƙasar Kano, suka ce sau uku aka yi ƙaura daga Asiya zuwa Amurka.

Masu suka na cewa wannan hasashe bai tsaya da ƙafarsa ba. Da gaskiyarsu, domin yawancin masana harsunan Amurka sun ƙi rabe-raben Greenberg, binciken ƙwayoyin gado kuma ya nuna tarihin ya fi haka sarƙaƙiya. Sai dai tushen maganar, wato asalin mutanen daga arewa maso gabashin Asiya, yana nan daram. Wasu kuma na ganin ƙwayoyin gado sun kori awon haƙora. Amsa ita ce su ne ma suka ba shi shaida, don a 2009 masu bincike a Japan sun danganta siffar shebur da wani sauyi a ƙwayar gado mai suna EDAR. Ban da haka, zafi yana lalata ƙwayoyin gado a cikin tsohon ƙashi, gwajinsu na da tsada, kuma sai an niƙa wani ɓangare na samfurin. Haƙori kuwa ido da allo sun wadatar. Wannan ne ya ba ɗalibin Turner, Joel Irish, damar tattara siffofin haƙoran mutanen Afirka ta kudu da Sahara, ya ajiye su kafaɗa da kafaɗa da na sauran nahiyoyi.

Suka mafi nauyi ta shafi littafin Man Corn na 1999, wanda Turner ya rubuta da matarsa Jacqueline, inda suka ce an ci naman mutane a wasu tsofaffin garuruwa na kudu maso yammacin Amurka. Jikokin waɗannan al'ummomi sun ji zafin maganar, wasu masana kuma sun ce kisan waɗanda ake zargi da maita na iya barin irin waɗannan alamu a ƙashi. Gwajin da aka buga a 2000 daga Cowboy Wash a Colorado ya goyi bayansa a wuri guda, amma da'awarsa cewa baƙi daga Meziko ne suka kawo al'adar ba ta samu karɓuwa ba. Ina ganin a nan ya zarce hujjarsa, kuma duk mai taɓa ƙashin kakannin wasu wajibi ne ya saurari masu kakannin.

A ƙarshe, ina kira ga sassan nazarin kayan tarihi na jami'o'inmu da su koya wa ɗalibai wannan awo. Maƙabartar Gobero da ke hamadar Tenere a Nijar, mai kaburbura kusan 200, ta nuna irin taskar da ke kwance a yankinmu. Ɗalibin da ya iya karanta turmi da fiƙa da mudun da duniya ta yarda da shi zai iya shiga muhawarar tarihin kakanninsa da hujjar da ya auna da hannunsa.