Awon matsin da ɗan Adam ke yi wa gaɓar teku: ina yashin Legas ya tafi?



Gaɓar tekun Najeriya ta kai kimanin kilomita 853, daga Badagiri zuwa iyakar Kamaru. Tambayar da na zo da ita yau ita ce: da wane mudu za mu auna nauyin da muka ɗora mata?

A shekarar 2008 Benjamin Halpern da abokan aikinsa suka wallafa wata taswira a mujallar Science. Sun rarraba tekunan duniya murabba'i-murabba'i, suka jera ayyukan ɗan Adam iri 17, kamar kamun kifi da zirga-zirgar jiragen ruwa da gurɓataccen ruwan gonaki da ɗumamar teku, suka ba kowanne maki gwargwadon ɓarnarsa. Sakamakon ya nuna kashi 41 cikin ɗari na tekuna na cikin matsi mai tsanani, kuma babu inda hannun mutum bai taɓa ba. Aiki ne babba, ina girmama shi. Sai dai taswirar da aka zana wa duniya ba za ta gaya wa mai kwalekwale a Ilaje da ke gaɓar tekunmu dalilin da ruwa ya shigo masa ɗaki ba.

Mu je Legas. Igiyar ruwa a wannan yanki tana kwasar yashi daga yamma zuwa gabas, dare da rana, tun kafin a san da birnin. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulki suka gina dogayen katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe ta. Katangun sun yi aikinsu. Yashi ya riƙa taruwa a yamma, gaɓar Bar Beach da ke gabas ta daina samun rabonta, teku kuwa bai daina kwasa ba. Haka ya yi ta ci har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello a Victoria Island. Yau an cike wurin da yashin da aka yaso daga ƙarƙashin teku, an yi Eko Atlantic, an kare shi da katangar da aka tsara za ta kai tsawon kilomita takwas da wani abu. Mazauna ƙauyukan da ke gabas da nan, irin su Okun Alfa, suna kukan cewa teku ya juyo kansu.

Hotunan tauraron ɗan Adam na Landsat, waɗanda ake ɗauka tun 1972, za su nuna muku layin gaɓa shekara bayan shekara: nan ta ja baya, can ta ƙaru. Dalilin ne ba sa nunawa. Wanda ya ƙirga gine-gine da tituna da hasken lantarkin dare a Okun Alfa zai ce matsin da sauƙi, alhali abin da ke cin garin yana can nesa. Shi ya sa nake ganin yashi ya kamata mu fara aunawa, kamar yadda ɗan kasuwa ke duba abin da ya shigo rumbu da abin da ya fita.

In muka bi wannan lissafi, zai kawo mu har gida Arewa. Yankin Neja Delta laka da yashin da kogin Kwara da Binuwai suka kwaso ne suka gina shi. Madatsar Kainji ta 1968, da Jebba, da Shiroro a kan kogin Kaduna, duk suna riƙe wani kaso na wannan laka a bayansu. Ghana ta ga irin haka bayan an datse kogin Volta a Akosombo a 1965, zaizaya ta tsananta a Keta. Ba ina cewa kada a gina madatsa ba, muna buƙatar wuta da noman rani. Amma a rubuta wannan asarar a shafin da ake rubuta ribar.

Akwai kuma abin da sai an taka ƙasa ake ganinsa. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni a 2011 ya samu rijiyoyi a Nisisioken Ogale da gubar benzin ta ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900, ya kuma ce gyaran zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Sai da aka haƙa ƙasa, aka ɗebi ruwa aka kai ɗakin gwaji, sannan aka sani. Itatuwan fadamar ruwan gishiri da ɗanyen mai ya kashe a ƙasar Ogoni su ne wurin renon ƙananan kifi da jatan lande.

Roƙona ga sassan nazarin ƙasa na jami'o'inmu na Arewa shi ne su ɗauki awon lakar koguna a matsayin aikinsu. A sa ɗalibai su riƙa ɗibar ruwa a Jebba da Makurɗi da Lakwaja, damina da rani, a ajiye alƙaluman shekara da shekaru, a kuma haɗa su da na cibiyar binciken teku ta ƙasa da ke Legas. Kayan aikin ba su fi kwalekwale da kwalabe da mataci da sikeli ba.